Tsohon keken hawan dutse: me za a canza, me za a bari

Masu gyaran keke na wajen Ɗambatta da Ringim sun tattauna kan kekunan gwanjo masu taya inci 26, irin na shekarun 1990 da ke zuwa da kayan giya da birki na kamfanin Shimano, samfurin Alivio, STX ko Deore LX. Bakinsu ya zo ɗaya: matuƙar giya na shiga daidai, kada a cire ta don neman mai tsada. A kan yashi ba za ka ji bambanci ba.

A kashe kuɗin kan abin da ke cinyewa. Ƙura da yashi su ke cin sarƙa, musamman idan an lafta mata baƙin mai. A auna ta: cikakkiyar gaɓa 12 (ta ciki da ta waje haɗe su ne gaɓa ɗaya) a sabuwar sarƙa inci 12 ce cif. Idan ta ƙaru da 1/16 na inci, a canza sarƙa. Idan ta kai 1/8, haƙoran giyar baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai a canza su tare. Sai wayoyin birki da na giya, robar birki, da sabon giris a boris.

Inda aka fi yin asara shi ne haɗa kayan da ba sa jituwa. Makunnin canza giya mai hawa 7 ba ya tafiya da giyar baya mai hawa 9, tazararsu daban. Wanda ya sa birkin V-brake kuma ya bar tsohon hannun birki, zai matse har ƙarshe bai kama da kyau ba, domin V-brake yana bukatar hannun da ke jan waya mai yawa.

Taya kuwa, mai kauri da faɗin inci 2 ko fiye, saboda ƙayar tsidau.