Jama'a a taimaka, me za mu kira backpacker da Hausa kafin jibi?

Na-Gwaram:
Assalamu alaikum. Jibi da safe zan naɗi shirin matasa a gidan rediyo, an ba ni wani rahoto na Turanci in fassara, a kan wasu samari abokan juna da suka haɗa kuɗi suka taso daga Nairobi suka bi ta Tanzaniya da Zambiya har Afirka ta Kudu a motocin haya da jirgin ƙasa, kowa da ƙatuwar jaka a bayansa, suna kwana a masauki mai araha suna haɗuwa da irinsu daga wasu ƙasashe. Kalmar da ta tsaya min ita ce backpacker da backpacking, kusan kowane layi sai ta fito. Na sa 'yan yawon buɗe ido amma shi rahoton bambanta su yake da masu buɗe idon da ke sauka a babban otal motar kamfani na yawo da su, in na kira su da suna ɗaya maganar ta rushe. Masu sauraro kuma manoma ne da mata a cikin gida ba zan jefa musu Turanci ba. Akwai bungee da rafting ma. Ina ƙauye sabis sai na hau tudu, in kun ji shiru ba raini ba ne.

Ɗan Ringim:
Wslm. 'Yan yawon duniya. Shi ke nan.

Hajiyar Kazaure:
A'a ƙanena kar ka ja wa Malam zagi. Je ka ce wa wata uwa ɗanta ya tafi yawon duniya ka ga ko ba kuka za ta fashe da shi ba, in mace ce kuwa ba a ma magana. Waɗannan iyayensu sun san inda suke kuma da ranar dawowarsu.

Direban Wudil:
To 'yan ci-rani mana, ai su ma jaka ɗaya suke ɗauka su kwana su goma a ɗaki

Ɗan Ringim:
Ɗan ci-rani nema ya fita ya dawo da kuɗi, wannan kashewa ya fita ya dawo da hoto a waya hhh

Malam Mai Nahawu:
Ku dakata. Abin da ya sa kuke ta lalube shi ne duk tafiyar da Bahaushe ya raɗa wa suna da dalilinta ya raɗa, fatauci, ci-rani, almajiranci, aikin hajji, ziyara. Tafiyar da babu riba babu karatu babu lada sunan banza ya ba ta, yawon dandi, gantali. Don haka ba za mu tsinci kalmar a ƙasa ba sai mun ƙirƙira, ni kuma na daɗe da ƙirƙirar tawa: ɗan gafaka. Mace 'yar gafaka, jam'i 'yan gafaka, aikin kuma gafakanci, tsarin almajiranci da bokanci. Gafaka jaka ce ta rataye ta matafiyi mai ƙaramin guzuri, sannan ku faɗa da ƙarfi ku ji, bakfaka, gafaka, kunne ma ya yarda tun kafin a yi masa bayani.

Na-Gwaram:
Kai Malam wannan ta yi daɗi a baki wlh

Alaramma na Jahun:
Ba ta yi ba. Allah gafarta Malam da girmanka. Gafaka gidan Alƙur'ani ce, fata ake dukanta a saka izu sittin rubutun hannu a ciki, ba a ajiye ta a ƙasa ba a taɓa abin cikinta sai da tsarki. Ita za ka ɗauka ka rataya wa mai gajeren wando da ke cusa safa mai wari da takalmi a jaka? Ranar da aka faɗi haka a rediyo duk tsangayun Jigawa sai sun kira waya.

Malam Mai Nahawu:
Alaramma ai kalma tana faɗaɗa. Jirgi na ruwa ne asali, yau ga na ƙasa ga na sama babu masuncin da ya kai ƙara.

Alaramma na Jahun:
Jirgi ba a karanta shi a salla.

Baba na Ɗambatta:
Yara ku bari in faɗa muku, mu mun ga mutanen nan da idonmu ba a waya ba. Shekarun 1970 zuwa 1980 da wani abu Turawa sukan keto hamada daga Aljeriya, Tamanrasset, Agadas, Damagaram, su shigo ta Daura su wuce ta gabanmu zuwa Kano su kafa tanti a sansanin baƙi na Bompai. Wasu a Landiroba wasu a babur wasu kuma a saman lori tare da buhuna. Ƙura ta yi musu buɗu-buɗu, gashi a cukurkuɗe, ka ga Bature ya tsuguna wajen mai ƙosai yana ƙirga sulalla a tafin hannu yana neman ragi. Mu da muka saba Bature sai da kuku da boyi abin ya ɗaure mana kai. Daga baya da rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa suka taso farkon shekarun 1990 hanyar ta mutu. Sunan da muke kiransu kuwa ba zai faɗu a rediyo ba, matsiyatan Turawa muke cewa.

Hajiyar Kazaure:
Baba ta ƙofar gidanmu suke wucewa, mu bi su da gudu muna Bature Bature. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗaliba daga Bichi:
Baba na gode, wannan ya yi daidai da abin da na karanta. A lokacin akwai wata hanyar da ta fi wannan cika, daga Turai ta Turkiyya da Iran da Afghanistan zuwa Indiya da Nepal, ita kuma 1979 ta katse saboda juyin juya halin Iran da shigar sojojin Sobiyet Afghanistan. Malam Na-Gwaram abin da nake so ka kula shi ne jakar ba ita ce kan maganar ba, araha ce, da daɗewa a hanya, da rashin tsari, yau ka haɗu da wasu a masauki gobe ka canza hanya ka bi su. Masaukin ma wani malamin makaranta Bajamushe Richard Schirrmann ne ya fara shi don ɗalibai masu tattaki, na farko na dindindin a garin Altena na Jamus 1912. Gadaje masu hawa biyu a ɗaki ɗaya, kicin ɗaya kowa ya dafa nasa. In ka ce hostal mutane za su ɗauka na makarantar kwana ne, ni da zango zan sa.

Alaramma na Jahun:
Zango kam ta yi, Allah ya yi miki albarka. Can fatake ke sauke kaya su haɗu da ayarin da ba su sani ba a ci tare a tambayi labarin hanya.

Direban Wudil:
Ni fa ban ga abin wahala ba a ce bakfaka kawai. Ni direba ake ce min, yarona kwandasta, mai gyara makaniki, wa ya mutu? Fasfo da famfo ma haka muka lanƙwasa su suka zauna.

Malam Mai Nahawu:
Irin wannan lalacin ne ya sa yaranmu ba sa iya ƙirga kuɗi da Hausa. Kowa sai ara ba mai ƙira.

Direban Wudil:
To ku masu ƙirar kun ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, je shagon yaran nan na bakin tasha ka faɗa ka ga ko ba kwamfuta za su ce maka ba

Malam Mai Nahawu:
Yanar gizo fa? Jirgi mai saukar ungulu fa? Ba aro ba ne kuma sun zauna, saboda gidajen rediyo sun yi ta nanatawa. Shi ya sa nake cewa Na-Gwaram ya faɗi gafakanci sau biyar a shiri ɗaya ku ga ikon Allah.

Ɗan Haɗeja:
Matsalarku Kanawa ke nan, mutum ya zauna a inuwa ya ƙera kalma sai ya ce kowa ya bi tunda Hausarsa ce ta littafi. Mu an tambaye mu?

Malam Mai Nahawu:
Ni mutumin Dawakin Tofa ne ɗan'uwa, ba a jami'a nake ba, aji nake shiga da alli. Kuma kafin 1991 kai ma ɗan jihar Kano ne.

Ɗan Haɗeja:
Jiha daban masarauta daban. Tambayi tarihi a kan Buhari Sarkin Haɗeja.

Na-Gwaram:
Don Allah don Annabi a bar Sarki Buhari ya huta, cajina saura kaɗan mai cajin kuma ya kashe janareto. Zango na karɓa. Bungee fa?

Ɗan Ringim:
Tsallen igiya

Hajiyar Kazaure:
Wannan na 'yan mata ne a tsakar gida. Dirar igiya dai, tunda dirowa ake daga sama.

Ɗaliba daga Bichi:
Dirar igiya ta fi, amma a ƙara bayani igiyar ta roba ce mai talewa, ana ɗaure ta a idon sawu mutum ya faɗo ta ka, kafin ya kai ƙasa ta fizgo shi sama ya yi ta lilo. A kasuwance a New Zealand aka fara, gadar Kawarau 1988, mita 43. Tunda samarin sun bi ta Zambiya ina jin ta gadar Victoria Falls ce a rahoton, mita 111, in kuma Bloukrans ce ta Afirka ta Kudu mita 216. Asalin abin kuma ba na Turawa ba ne, mutanen tsibirin Pentecost a ƙasar Vanuatu ta tekun Pasifik ne ke gina hasumiyar itace su ɗaura jijiyar kurmi a ƙafa su diro lokacin doya.

Alaramma na Jahun:
Wannan ba ya buƙatar sabon suna, Hausa ta riga ta raɗa masa, ganganci.

Na-Gwaram:
Hhh Alaramma fassara aka sa ni ba fatawa ba. Zan ce wasannin kasada ga dukansu. Eh ta Victoria Falls ce, rafting ɗin ma a kogin Zambezi ne ƙasan gadar.

Ɗan Haɗeja:
Wato kwale-kwalen roba a ruwa mai ambaliya, mutum takwas da hular kwano da rigar iska har da biyan dala. Masuntanmu da damina a tsaye suke tuƙi da gora ɗaya ba wanda ya ɗauke su hoto. Ka ce tuƙin kasada ka wuce.

Hajiyar Kazaure:
Ku dawo kan ta farko lokaci na tafiya. Ni ban yi nahawu ba amma duk shekara ina saya wa jikoki jakar makaranta, in na je kasuwa cewa nake a ba ni jakar goyo kuma ba mai shagon da ya taɓa tambayata me nake nufi. To a ce 'yan jakar goyo, aikin kuma yawon jakar goyo.

Ɗan Ringim:
A taƙaita a ce ɗan goyo

Hajiyar Kazaure:
Ɗan goyo shi ake goyawa, kai ko ƙani ba ka da shi ne?

Malam Mai Nahawu:
Hajiya da girmamawa, 'yan jakar goyo ai 'yan firamare ne. Kuma kalma uku ba suna ba ne bayani ne, ba ta haihuwa, ba ka iya cewa jakargoyanci.

Ɗaliba daga Bichi:
Gaskiyar Malam ta nan, kuma arahar ba ta fito ba. Amma in aka sa matafiya a gaba 'yan firamare sun fita.

Na-Gwaram:
To ga yadda zan yi. Karon farko zan ce matafiya 'yan jakar goyo, wato masu yawon buɗe ido da ƙaramin guzuri, masu kwana a zango maimakon otal, daga nan sai in ci gaba da 'yan jakar goyo kawai. Dirar igiya da wasannin kasada sun shiga. Rafting zan bayyana shi da jimla, tuƙin kasada za a ɗauka 'yan acaɓa nake nufi. Malam Mai Nahawu ka yi haƙuri, taka ta fi daɗin faɗa amma liman ɗin garinmu yana jin shirin nan. Na gode ƙwarai Allah ya saka.

Malam Mai Nahawu:
Ba komai shirinka ne. Ni dai a ajina gafakanci zan ci gaba da koyarwa.

Alaramma na Jahun:
Wace makarantar ce, in san inda ba zan kai yaro ba.

Direban Wudil:
Ku gama dai, yaran tasha bakfaka za su ce