Shawarwari Kan Kalmomin Haɗa Zance a Turanci

Shawarar da malaman Turanci suka fi nanatawa a wata tattaunawa da aka yi kan kalmomin haɗa zance ita ce marubuci ya tantance dangantakar da ke tsakanin jimlolinsa kafin ya zaɓi kalma. "However" tana nuna saɓani, "therefore" kuwa sakamako, kuma ana sa waƙafi bayansu idan suka buɗe jimla.

An fi jan magana kan kuskuren haɗa "although" da "but" a jimla ɗaya, wanda a ganina ya samo asali daga yadda muke cewa "ko da yake" sannan mu biyo da "amma", alhali Turanci ɗaya kaɗai yake karɓa. Wasu kuma sun koka da ɗaliban da ke cusa "moreover" (wato "bugu da ƙari") a farkon kowane sakin layi ba tare da sun ƙara wata hujja ba.