Ƙirƙirarriyar basira a garuruwanmu: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Malamin firamare, Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Saurin yaɗuwar ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajojin da ke kwaikwayon basirar ɗan Adam, shi ne ya sa na tayar da maganar. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma sai da aka kwashe shekaru kafin ta kai hannun kowa a ƙauyenmu. ChatGPT kuwa, wanda ake yi wa tambaya ya ba da amsa a rubuce, a ƙarshen Nuwamban 2022 aka fito da shi, a 2024 sai ga irinsa, Meta AI, ya bayyana a cikin WhatsApp ba tare da kowa ya sauke shi ba. Ban da jita-jita, kowa ya kawo abin da ya faru da shi. Ni dai shirin darasi nake yi da ita. Da can nakan raba dare ina rubutu da hasken tocila. Farkon da na gwada ta da Hausa, maganarta kamar ta baƙon da ya yi wata biyu a Kano. Bana ta tsara mini tambayoyin auna fahimta na 'yan aji huɗu, wuri uku kawai na gyara. Yaron da zai yi irin wannan ci gaba cikin ɗan wannan lokaci, ban taɓa koyar da shi ba.

Manomin tumatir, Kadawa:
Wa alaikumus salam Malam. Duk wanda ya yi noman rani a nan a 2016 ba zai manta da sharon, ƙwaron da ya cinye tumatir, ba. Gona kore shar da safe, bayan kwanaki ta koma kamar an bi ta da wuta. Mun yi ta feshi har kuɗi suka ƙare, ba mu san me ya sa magani ba ya ci ba. Bara da na ga farin zane a jikin ganye, gabana ya faɗi. Ɗana ya ɗauki hoton ganyen ya tura wa wata manhaja. Nan take ta ambaci sunan ƙwaron, Tuta absoluta, ta ce tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ta yi rami, shi ya sa feshin da ya tsaya a saman ganye ba ya isa gare ta. Ta ce a riƙa sauya irin magani don kada ƙwaron ya saba da guda, a tsinke ganyen da ya kamu a binne, a kafa tarkon da ƙamshinsa ke jawo namijin. Wallahi sai da na yi shiru, don abin da ya cinye mana shekara guda ke nan aka warware mini a tsaye a bakin kunya.
Amma da na tambaye ta ban ruwa, sai ta tsara mini lokuta kamar famfo ne a gonata. Ba ta san ruwan kanal daga Tiga yake tahowa ba, kuma ba ni kaɗai ke jiran sa ba. A nan na ajiye wayar na je wurin maƙwabcina da ya girme ni a wannan fadama.

Mai shagon buga takardu, Gumel:
Ni asara ta fi yawa a wajena, Malam. Wasiƙar neman aiki, takardar koke, jawabin walima, duk ni nake tsarawa in buga. Yanzu samari da rubutunsu suke zuwa a waya, su ce in fitar kawai. Kuɗin tsara magana shi ne ribar shagon, shi ne kuma ya tafi. Abin da ya rage mini dattawa masu yarjejeniyar cinikin gona, don su sai an zauna an faɗi iyaka gabas da yamma, shaidu sun sa hannu.

Mai ɗinki, Kazaure:
Ni tsoro ta ba ni. An turo wa mahaifiyarmu saƙon murya daga baƙuwar lamba, muryar Yaya sak, har da yadda yake jan “Inna”, wai ya yi haɗari a hanyar Daura a tura kuɗi da gaggawa. Allah ya sa na kira tsohuwar lambarsa, ya ɗauka yana kasuwa lafiya lau. Inna ta kwana ba ta runtsa ba. Tun ranar muka yi shawara a gida: duk wanda ya nemi kuɗi ta murya, sai ya faɗi laƙabin da kakarmu take kiran sa da shi.

Malamin islamiyya, Bichi:
Allah ya ƙara tsarewa, Hajiya. Wani ɗalibina ya kawo mini hadisin da ƙirƙirarriyar basira ta ba shi a wayarsa, da lamba da sunan littafi. Na buɗe littafin a gabansa, babu shi. Na ce masa addini daga bakin malami da littafi ake ɗaukar sa.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Jami'ar Tarayya ta Dutse:
Iyayena da malamaina, bari in ƙara da abin da muke karantawa. A 1997 na'urar Deep Blue ta doke zakaran wasan ces na duniya, Garry Kasparov. A 2016 manhajar AlphaGo ta doke gwani Lee Sedol a wasan go, wani wasa mai kama da dara, wanda aka ɗauka na'ura ba za ta iya shi da wuri ba. Waɗancan wasa ɗaya suka iya. Na yanzu suna rubutu, suna fassara, suna duba hoto, suna kwaikwayon murya. Abin da ake kira singulariti shi ne ranar da na'ura za ta iya ƙera wadda ta fi ta basira, waccan ma ta ƙera wata, har saurin ya fi ƙarfin bibiyar ɗan Adam. Ray Kurzweil na Amurka ya yi hasashen 2045. Masana da yawa ba su yarda da shi ba, amma Geoffrey Hinton, wanda bincikensa na cikin tubalin wannan fasaha, ya bar Google a 2023 don ya samu sakin baki ya yi gargaɗi. Abin da na gani da kaina: shirin kwamfutar da ya ɗauke ni mako biyu a ajin farko, yanzu ta rubuta shi kafin in gama shan shayi. Kuma irin wannan rubutu ne ake gina sababbin na'urorin da shi. Daren da na fahimci haka na daɗe ina juyi, ina tunanin aikin da zan tarar idan na gama.

Mai shagon buga takardu, Gumel:
Ƙanina, idan an yi hutu don Allah ka biyo ta Gumel. Ina da kwamfuta biyu da janareta. Ka zauna da ni kwana biyu ka nuna mini yadda ake sa ta aiki, da yadda ake gane inda ta yi ƙarya. Ka zo ranar Laraba, Alhamis ina Maigatari.