Daga ina ƙwaƙwalwa ke amsa taɓawa, kuma ta yaya ake ganewa?

Ɗalibar aji uku:
Assalamu alaikum. Jiya ni na miƙa hannu a ɗakin gwaji. An ɗaura min na'ura a wuyan hannun dama tana ba ni ɗan shokin, babban yatsana na ta harbawa shi kaɗai. An kuma manna min wayoyin EEG, masu auna wutar ƙwaƙwalwa, tsakanin kitso. Sai da aka maimaita sau 500 aka haɗa, kafin wani ɗan tudu ya fito a kwamfuta. Malam ya ce N20 ke nan, daga yankin 3b na ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya min a rai. Wayoyin nan a kan fata suke, ga ƙoƙon kai a tsakani. Da me aka san daga 3b ne?

Mai ɗaukar EEG:
Wa alaikis salam ƙanwata. Fara da lokaci. Saƙon na isa kafaɗa a wajen milisakan 9, wuya a 13, ɓawon ƙwaƙwalwa a 20, shi ya sa sunan N20. Sai ki duba yadda wutar ta bazu: negatif ta baya, fozitif ta goshi. Hakan na nuna tushen a kwance yake, a bangon baya na kwarin da ya raba yankin motsi da na ji, wato 3b.

Malamin fiziks:
Shakkarki na kan hanya, 'yata. Kina tsakar gida kika hango haske ta labule: fitila ɗaya ce babba, ko biyu ƙanana? Labulen ba zai gaya miki ba. Tun 1853 masanin fiziks Helmholtz ya nuna cewa tushe daban-daban na iya ba da abu iri ɗaya a waje. Don haka ake ƙaddara tushe guda ne, a ƙera siffar kan mutum daga hoton MRI, a yi ta matsar da tushen har lissafi ya dace da awo. Ni ba na yarda da taswira mai launi sai na ji abin da aka ƙaddara.

Mai ɗaukar EEG:
Haka ne malam, amma an tabbatar da wannan kai tsaye. A tiyata ana shimfiɗa wayoyi a kan ƙwaƙwalwar kanta. Inda negatif ya juye fozitif, nan kwarin yake, likita ya kiyaye yankin motsi.

Ɗalibar aji uku:
Na gode ƙwarai. Mako mai zuwa idon sawu za a yi. Tunda taswirar ƙwaƙwalwa ta likitan tiyata Penfield ta sa yankin ƙafa can sama a tsakiyar kai, a nan zan fara dubawa, wajen milisakan 37.