Fayil ɗin hprof ya ƙi buɗewa: kowa ya faɗi yadda ya ƙare da shi

Ɗan Gumel: Assalamu alaikum. Manhajar da na rubuta wa 'yan kasuwar riɗi, wadda suke shigar da awo da bashi a ciki, tana mutuwa a wayoyi masu ƙwaƙwalwa 1GB. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari wani dattijo ya miƙo mini wayarsa a gaban jama'a, lissafin buhu goma sha biyu ya tafi. Kunya ta rufe ni. Da na koma gida na maimaita abin a wayata ta gwaji, na ɗebo hoton ƙwaƙwalwar manhajar, wato fayil ɗin hprof mai nuna duk abin da take riƙe da shi, da umarnin adb shell am dumpheap (adb shi ne abin da ke aika wa waya umarni daga kwamfuta), amma Eclipse MAT, manhajar da ake bincika irin wannan fayil da ita, ya ƙi buɗe shi, ya ce bai san JAVA PROFILE 1.0.3 ba. Wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya taimaka.

Malamin kwamfuta, Bichi: Wa'alaikumus salam, ƙanina. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau. Android na rubuta hprof da sigarsa ta 1.0.3, kayan aikin Java kuwa 1.0.2 suka saba da ita. Ka duba cikin platform-tools, wurin da adb yake, za ka ga hprof-conv, wanda ke juya fayil daga 1.0.3 zuwa 1.0.2. Ka ba shi sunan fayil na asali da sunan sabon da kake so, shi ke nan. Ba ya buƙatar intanet, wanda ga irinmu babban sauƙi ne.

Mai shagon caji, Ringim: Malam ya faɗi daidai, amma bari in ba da labarin hanyar da ba ta ɓullewa. Da na ga bambancin lamba ɗaya ce, sai na buɗe fayil ɗin na mayar da 3 ta koma 2 a kansa da hannuna. Ya wuce ƙofa, yana shiga ciki ya tsaya cak. Ashe a cikin jikin fayil ɗin akwai alamomin da Android kaɗai ke sawa. Dare guda na ɓatar, har batirin sola ya sauka. Sauya wa tuwo suna ba ya mayar da shi waina.

'Yar Kazaure: Ni tawa ta fi ciwo. Na juya, ya buɗe, sai na goge na asalin don faifaina ya cika. Daga baya nake son in san wane kaya ne na manhajata, wane ne na zygote, wato wanda kowace manhaja ke gada daga tsarin wayar. Babu. Tsohuwar siga ba ta da gurbin wannan bayani, don haka hprof-conv yake zubar da shi, wasu nau'ukan tushen (abubuwan da ke riƙe kaya a ƙwaƙwalwa) da Android ya bambanta kuma su koma "ba a sani ba". Kuma ba a komawa daga 1.0.2 zuwa 1.0.3 a samo abin da aka zubar. Matsalar tawa sai an yi awa biyu ana aiki da manhajar take fitowa, sai da na sake zaman daga farko. Yanzu na asali nakan matse shi da gzip in ajiye, ba na taɓa shi. Yaya na Gumel, ka sa -z a umarnin hprof-conv in za ka juya, zai cire maka kayan da ba na manhajarka ba, ka huta da tona shara.

Malamin kwamfuta, Bichi: Madalla, Hajiya. Ban ambaci -z ba, kin cike mini.

Ɗan Gwarzo: Wani abu kuma, kada a ɗora wa juyawa laifin da ba nata ba. Na nemi hotunan kaya a fayil ɗina na ga ba su da nauyi, na ce juyawa ta cinye su. Ina! Tun daga Android 8.0 naman hoton ba ya zama a ɓangaren Java, can yake a ƙwaƙwalwar tsarin, ko a fayil na asali ba ka ganinsa. A tsohuwar waya mai Android 7 na sake gwadawa, sai ga su tuli.

Ɗalibi daga Dambatta: Ni da Python nake, amma irin wannan rashin jituwar siga ta same ni. Fayil ɗin cProfile, mai auna lokacin da shiri ke ci, da na ɗauka a kwamfutar makaranta ya ƙi karantuwa a tawa, don sigoginmu sun yi nisa da juna. Bayanin pstats, mai karanta irin wannan fayil, ma bai yi alkawarin jituwa tsakanin sigogi ba. Tun lokacin nake rubuta sigar a sunan fayil, in kuma fitar da sakamakon a rubutu zalla.

Ɗan Gumel: Allah ya saka muku da alheri. Na juya da -z, na ajiye na asali kamar yadda ƙanwata ta ce. MAT ya nuna shafin shigar da awo har guda tara a raye, wani abu da na ayyana static, wato mai zama muddin manhajar na aiki, yana riƙe da su, duk buɗewa sai a ƙara ɗaya. Na gyara, na buɗe shafin sau hamsin bai mutu ba. Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, da sassafe zan fara da rumfar dattijon nan, in sa masa sabuwar da hannuna, mu sake shigar da buhunan nan goma sha biyu tare.