Ƴar Latino ce kuma Bayahudiya, wai ya abin yake ne?

Ummu_Sadiq:
Salam jama'a. Dan Allah masu sanin tarihi a taimaka min. Akwai wata da muke aiki tare a nan Amurka, babanta ɗan Meziko ne ɗan Katolika, mamanta kuma Bayahudiya ce daga Ajantina. Sifaniyanci suke yi a gida, amma duk Juma'a kafin rana ta faɗi sai ta kunna kyandir biyu na shigar Asabar, ranar hutu da ibada ta Yahudawa. Abin da ke ci mata rai shi ne in ta je wurin ibadarsu sai a tambaye ta yaushe ta shiga addinin ko wa ta rako, in kuma ta je taron dangin babanta ta ƙi taɓa naman alade sai a ce tana ji da kai. Wallahi har da hawaye take ba ni labari. Wai da ma akwai Yahudawa da yawa a can ne? Kuma ya irinsu suke haɗa abu biyun nan?

Malam_Na_Tarihi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai su sosai, kuma ba jiya suka zo ba. Latino ai magana ce ta yanki da harshe da al'ada, akwai baƙi akwai farare akwai ƴan asalin ƙasa, to babu abin da ya hana Bayahude zama a ciki.

A 1492 sarakunan Sifaniya, Ferdinand da Isabella, suka ce duk Bayahude ko ya zama Kirista ko ya bar ƙasar, shekarar da Garanada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi kenan, su ma Musulmin Andalus daga baya abin ya biyo ta kansu. Da yawa suka tafi daular Usmaniyya, Sarki Bayazid na biyu ya karɓe su, suka ci gaba da yin tsohon Sifaniyancinsu da ake kira Ladino. Wasu kuma suka amsa Kiristanci a baki suka tsallaka teku, amma kotun binciken addini ta coci ta bi su har can, an buɗe ta a birnin Meziko a 1571, kuma a 1596 an ƙone Luis de Carvajal ƙarami da mahaifiyarsa da wasu ƴan'uwansa mata saboda suna addininsu a ɓoye. Hatta Yahudawa 23 da suka kafa al'umma ta farko a New York a 1654, lokacin ana ce mata New Amsterdam, daga Recife ta Barazil suka taso. Kin ga kenan masu tambayarta wa ta rako su ne ba su san tarihin gidansu ba.

Ajantina kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa a Latin Amurka yawan Yahudawa. Masu gudun kisan gilla daga daular Rasha ne suka kafa garin Moisés Ville a lardin Santa Fe a 1889, suka kama noma da kiwo da hawan doki. Kuma sun sha wuya a can ma, bam ɗin da aka dasa a cibiyarsu ta AMIA a Buenos Aires ranar 18 ga Yuli 1994 ya kashe mutum 85, in mamanta ƴar birnin ce da wuya a ce abin bai taɓa ta ba.

Anti_Binta:
Malam ya gama da tarihi, ni bari in yi maganar cikin gida dan a nan ciwon yake. Ƴar'uwa ki duba kicin kawai, dokar abincinsu ta hana alade ta kuma hana haɗa nama da madara ko cuku a girki ɗaya, alhali girkin Meziko man alade na shiga cikin wake da tamales, wato ƙullun masara da ake naɗewa a ganye a turara kamar alala, cuku kuma a kan nama ake barbaɗa shi, to ki ɗauka kakarta ta wajen uba ta tashi tun asuba ta yi girki ta zubo mata da hannunta ita kuma ta ce a'a, tsohuwar nan ba dokar addini za ta gani ba, gani za ta yi jikarta ta ƙi ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da gidaje da yawa suke yi shi ne su canza kayan haɗin, man gyaɗa ko na zaitun a madadin na alade, kaza ko naman sa, a cire cukun, girkin kaka yana nan ba a yar da shi ba.

Haka bukukuwa. Yarinya tana da bat mitzvah, bikin balaga na Yahudawa, a shekara 12 ko 13, ga quinceañera, bikin cikar budurci na ƴan Latino, a 15, wasu duka biyun suke yi. Inda ake samun tsaiko shi ne na biyun yawanci da addu'a a coci ake fara shi, sai wasu su bar cocin su yi walimar kawai, dangin uba kuma ransu ya ɗan sosu. Disamba ma haka, Hanuka, bikin kunna fitilu na Yahudawa, da Kirsimeti kusan tare suke zuwa.

Abu_Hanif:
Amma Anti ni a ganina dole wata rana ta zaɓi ɗaya, addini ba ya rabuwa biyu.

Anti_Binta:
Ɗana ai ta riga ta zaɓa, ba ka ji tana kunna kyandir ba? Ba ta ce tana bin addini biyu ba. Kuma a dokarsu ta wajen uwa ake gadon Yahudanci, dan haka ko masu tsananin riƙo ba su da ja a kanta. Wanda babansa ne kaɗai Bayahude shi ya fi shan wahala, ɓangaren Reform, wato masu sassauci, a Amurka sun amince da irinsu tun 1983 in an raine su a addinin, amma a wajen ƴan Orthodox, masu tsananin riƙon, har yau sai ya shiga addinin kamar sabon shiga. Harshen babanta da waƙoƙinsu da danginta kuwa me zai sa ta bar su? Jininta ne.

Malam_Na_Tarihi:
Ƙari kaɗan, shugabar Meziko da ta hau mulki a Oktoba 2024, Claudia Sheinbaum, kakanninta Yahudawa ne daga Lituweniya da Bulgeriya, duk da ita ba mai bin addinin ba ce. A birnin Meziko ma akwai zuriyar Yahudawan da suka zo daga Halab da Dimashƙ na Siriya, kowane da wurin ibadarsa. Hajiya ki ce mata ta nemi majami'ar da ƴan Latin Amurka suke da yawa, a Miami akwai su tun zuwan Yahudawan Kuba bayan 1959, Los Angeles ma ba za ta rasa ba.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti maganar kakar nan ita ce daidai, dan ta ce min abin da ya fi mata ciwo kenan. Gobe in sha Allah zan faɗa mata batun canza man, ko su shiga kicin ɗin tare da tsohuwar su yi tamales ɗin da kaza.