Kudin zagayen ganin gida, laifi ne?

Dillalin Kubwa: Salam yan uwa. Ni dillalin gidaje ne a Abuja, jiya wani kwastoma ya ce yana son ciki da falo kusa da masallaci, na zaga da shi Kubwa, Dutsen Alhaji har Dei-Dei a mashin dina, gida biyar, karshe ya ce wai sai madam ta gani. Yau na kira, waya a kashe. In na fara karbar kudin zagaye na yi laifi?

Maman Khalifa: Malam ku ma da naku. La'ada 10%, ga kudin lauya ga kudin ajiya, kuma ba kwa fadin gaskiya kan ruwa, mu sai da muka tare muka gane mai ruwa za mu dinga saye.

Dan Mararaba: Karba kawai Alhaji, mai ya yi tsada. Amma ka dinga tura bidiyo a WhatsApp tukuna. Masu karamin karfi kuma turo mana su Mararaba, haya da sauki, in dai za su iya da gosulon Nyanya da asuba.

Dillalin Kubwa: Hajiya ai ni ina fada, rijiya ce ko bohol. Su ne ba sa tambaya.